Albam da ficarin: wace kalma za mu sa a katin ƙaddamarwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Abokinmu zai fitar da albam ɗinsa na farko bayan Sallah. Waƙoƙi 9 ne, uku a ciki shi da wata marubuciya suka zauna suka tsara, a ɗaya kuma wani mawaƙi ya shigo ya yi baiti guda, abin da ake cewa ficarin. Muna so katin taya murna da bangon su fito da Hausa zalla. Me za mu kira albam? Na farkon fa? Aikin da suka yi tare kuma fa?

Mai haɗa sauti: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Kafin a raɗa suna a san abin tukuna. A manhajojin sauraro irin su Apple Music, waƙa 1 zuwa 3 singil ce, 4 zuwa 6 da ba su wuce minti 30 ba EP ce, daga 7 zuwa sama ko abin da ya haura minti 30 shi ne albam. To na abokinku ya cika sharaɗi. Kada dai ku ce faifai ko kaset. Waɗannan sunan mazubi ne, kuma yanzu yawancin masu sauraro ba za su taɓa riƙe komai a hannu ba.

Malamar Hausa: Kundi. Ba ma sai an ƙirƙiro ba, 'yan jarida sun daɗe suna cewa kundin waƙoƙi. Asalin kundi takardun malami ne da ya tara ya ɗaure wuri guda, daga nan aka samu kundin digiri da kundin tsarin mulki. Ita ma kalmar Turancin haka ta faro: fayafayan garmaho na da ba sa ɗaukar fiye da minti 3 zuwa 5 a kowane gefe, sai a jera da yawa cikin wani littafi mai aljihuna irin na ajiye hotuna. Da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, waƙoƙin suka koma kan faifai ɗaya, sunan bai canja ba. Ka ga ma'anar tarawa ce, daidai da tamu.

Wani marubucin waƙa: Hajiya, diwani fa? Ko bakandamiya, tunda abin alfaharinsa ne?

Malamar Hausa: Diwani na rubutattun waƙoƙi ne a takarda, a bar wa sha'irai kayansu. Bakandamiya kuwa waƙa ɗaya ce da ta fi duk sauran waƙoƙin mawaƙi fice, kuma sai tafiya ta yi nisa ake gane ta. Na farkon ku ce kundin fari, kamar yadda ake cewa ɗan fari. EP kuma ƙaramin kundi.

Mai haɗa sauti: Kundin fari ya zauna a baki. Inda nake so a tsaya da kyau shi ne tambaya ta uku, domin a nan zumunci yake lalacewa. Kowa yana cewa haɗaka ko haɗin gwiwa, kalma ɗaya ta rufe abu biyu da hukuncinsu ya bambanta. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na ƙirƙira, wato kalmomi da kari, da na sautin da aka ɗauka a situdiyo. Wanda ya zo ya rera baitin da aka rubuta masa, muryarsa kawai ya bayar. Wadda ta zauna aka gina amshi da ita, ta gyara ɗango, ta nemo amsa-amo, tana da kaso a waƙar kanta, ko da ba a ji muryarta ko sau ɗaya ba.

Wani marubucin waƙa: To mu ce gayya mana. Ka kira abokai sun taya ka aiki.

Malamar Hausa: Ƙanena, duba gayyar da kyau. An taru an nome maka gona, ka ciyar da mutane, amma ranar girbi babu wanda zai zo ya ce a auna masa damminsa. Idan ka rubuta gayya a kan aikin marubuciyar nan, ka cire ta daga rabo ke nan da bakinka. Nata sunansa tarayya: tarayyar rubutu, ita kuma abokiyar tarayya. Kalmar tana ɗauke da mallaka. Shi mai baiti guda baƙon murya ne, a bango sai a sa "tare da" kafin sunansa.

Mai haɗa sauti: Na karɓa, da sharaɗi ɗaya. Idan baƙon muryar shi ya rubuta baitinsa, ya zama duka biyun, sai a ba shi kaso a wannan waƙar kaɗai. Kuma tarayya ba ta tabbata sai da takardar rabo, kowace waƙa da tata: sunan waƙa, ranar da aka gama ta, cikakken sunan kowa, abin da ya yi, kasonsa cikin ɗari, sa hannu. Tsohuwar al'ada rabi na kalmomi, rabi na kari. Idan mai kiɗa ya taimaka wajen tsara karin, ana iya yin 40, 40, shi kuma 20. Duk yadda kuka shirya, jimla ta cika 100 cif. A sa hannu tun ranar da aka tashi daga situdiyo, lokacin kowa yana tuna wanda ya kawo wane layi. In aka bari sai waƙa ta karɓu, kowa zai tuna abin da ya fi masa daɗi, kuma da ƙorafi ya isa ga kamfanin rarrabawa, wato mai ɗora waƙoƙi a manhajoji, yana iya sauke waƙar har a sasanta.

Mai tambaya: Mun gode, Hajiya, mun gode Malam. Za mu sa: "Kundin fari, waƙoƙi 9, tarayyar rubutu da wance a waƙa ta 2, ta 5 da ta 8."

Mai haɗa sauti: Ya yi. Wajen ɗora kundin kuma ku shigar da sunanta a gurbin marubuta na waɗannan ukun, don abin da ke kan kati ba ya biyan kowa. Kowace waƙa za ta samu lambar ISRC tata mai gurbi 12, wato lambar shaidar sautin da aka ɗauka, kada a maimaita lamba ɗaya a waƙa biyu. Sunayen da ke da ƙ, ɗ ko ɓ a rubuta su iri ɗaya a ko'ina, in ba haka ba manhaja tana iya buɗe wa mutum ɗaya shafi biyu, masu saurarensa su rabu.