Mece ce tsokar maltifidus da aka ce ta rame a bayana?

Telan Kasuwa: Assalamu alaikum. Shekara goma ke nan ina kan keken ɗinki, kuma tun bara ciwon ƙugu yake hana ni sunkuyawa in tsinci ko allura. Takardar hoton MRI da aka yi mini ta nuna cewa tsokar maltifidus ta rame, kitse ya shige ta. Ina roƙon masana su bayyana mini inda take da aikin da take yi.

Ɗalibin Likitanci: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Idan ka shafa gefen gadon bayanka za ka ji dogayen tsokoki da suka miƙe daga ƙugu zuwa wuya, waɗanda su ne suke tsayar da mutum. Maltifidus tana ƙarƙashinsu, manne da ƙashin baya, kuma kowane ɗan zarenta yana tsallake gaɓa 2 zuwa 4 ne kawai kafin ya kama ƙashin da ke sama. Ta fi kauri a wajen gaɓoɓi 5 na ƙugu, inda nauyin jiki ya fi sauka. Babban aikinta shi ne riƙe kowace gaɓa don kada ta goce wa maƙwabciyarta yayin da mutum yake sunkuyawa ko yake juyi.

Malamar Gashin Ƙashi: Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne, tsokar ba ta cika komawa yadda take da kanta ba ko da ciwon ya lafa, kamar yadda wani bincike da aka yi a Ostireliya ya nuna a 1996. Shi ya sa muke dora mara lafiya a kan gwiwoyi da tafukan hannu, ya miƙe hannun dama da ƙafar hagu a hankali ba tare da ƙugunsa ya karkata ba, sannan ya sauya. Ka riƙa tashi daga kan keken kana ɗan tattaki, Malam. Amma idan ƙafarka ta fara rauni, ko fitsari ya riƙa kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, to ka tafi asibiti a ranar.

Telan Kasuwa: Na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Shin ɗamarar baya da nake ɗaurawa kullum tana hana tsokar farfaɗowa?