An kwashe min shafi kaf, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maizane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gina wa wata 'yar kasuwa shafin intanet, sai ga wani ya ɗauke shi ɗungurungum: hotunan da na ɗauka da hannuna, bayanin kaya, komai. Suna kawai ya sauya. Raina ya ɓaci matuƙa. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam, sannu ɗan uwa. Ni ma an yi min. Na fara yi wa mutumin magana cikin mutunci, ya yi kunnen uwar shegu. Da na bincika na ga kamfanin da ke ajiye masa shafin a Amurka yake, sai na aika musu ƙorafi a ƙarƙashin dokarsu ta kare haƙƙin mallaka a intanet, wato DMCA ta 1998. Na haɗa da adireshin shafukan biyu, da tsohon kwafin nawa daga Wayback Machine, wato shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, don a ga wanda ya riga wani. Suka sauke shi. Ba su ma tambaye ni rajista ba, domin a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, haƙƙin yana tabbata ne tun ranar da ka samar da aikin.

Ɗan Koyo: Hajiya, naki ya zo da sauƙi saboda rubutu da hotuna aka ɗauka. Ni tsarin aka kwaikaya: launuka, inda maɓallai suke, jerin sassa. Lauyan da na gani ya ce doka tana kare abin da ka rubuta ko ka zana ne, ban da dabarar tsarawa. Na haƙura, amma har yau yana min ciwo.

Mai Lambobi: Nawa kuwa, da na duba lambobin kwamfuta (code) da aka gina shafin da nake zargi da su, ashe samfurin WordPress (manhajar gina shafuka) ɗaya muka yi amfani da shi, mai lasisin GPL wanda ya halatta wa kowa ɗauka da gyarawa. Malam Maizane, ka tantance wannan tukuna. Sannan ka duba yarjejeniyarku da matar, domin idan ka miƙa mata haƙƙin aikin a rubuce, ita ce mai ƙorafi ko wanda ta wakilta.

Maizane: Na gode ƙwarai. Hotunan ban miƙa su ba, da su zan fara. Hajiya, a taimaka min da tsarin takardar da kika aika.