Wanda aka taɓa wa injin don mota ta ƙara ƙarfi, me ya gani?

Mai Corolla, Ƙofar Kaura, Katsina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla gare ni ƙirar 2005, injin 1.8. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 nake lissafin kowace lita, ga shi motar ta yi nauyi. In zan wuce tirela a hanyar Kano, sai na taka totur har ƙasa tana nishi. Bakanike ya ce a fasa indomin salansa (matatar da ke rage gubar hayaƙi), a cire tamostat (ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama), a haɗa fanka kai tsaye, wai za ta saki jiki. Don Allah wanda aka yi wa haka ya ba mu labari.

Direban Golf, layin Daura: Wa alaikumus salam Alhaji. Duka ukun an yi wa Golf 3 ɗina kafin ta shigo hannuna. Ƙara kam ta ƙaru, amma ban ga ƙarfi ba. Tamostat ɗin ne ya fi cutar da ni. Lokacin hunturu in na yi lodi da asuba, har in wuce Mashi allurar zafi tana kwance. Shi kuwa injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Muddin ruwan lagireto bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwar motar ɗauka take yi injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa mai. Na kwance filogi na gan su baƙi ƙirin, har suna shafa baƙi a yatsa. Da aka wanke lagireto aka mayar da tamostat, a kuɗin man sati na ga bambanci.

Bakanike, Ƙofar Marusa: Alhaji kada ka yarda a taɓa indomi sai an tabbatar ya toshe. Toshewar tana faruwa, kuma tana danne mota sosai, amma ana gane ta da gwaji. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom, shi ya sa masu sayensa suke zagaya gareji, wani kuma kafin ka gama bayani ya ce a fasa. In aka fasa, wutar injin za ta kama a dashbod, hayaƙin kuma ku da iyalinka da maƙwabta ne za ku shaƙa. Motarka tana da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. A jona tukuna.

Malama mai Honda: Ni tawa fizga take yi in na tashi daga danja. Ashe ƙurar hunturu ce ta cika matatar iska, ta kuma rufe ɗan sensan da ke auna iskar. Aka sa sabuwar matata, aka fesa wa sensan maganin wankinsa, shi ke nan.

Baba mai 504: 'Ya'yana, tawa kafireto ce, da kunne da sukundireba ake saita ta. An taɓa tura mani taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, gaba don ta ƙara gudu. Ta ɗan yi zafin nama, amma da na ɗauki kaya na hau tudu sai injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar fistin take ci. Nan take na sa aka mayar da shi inda yake.

Ɗalibin kanikanci: Baba ya yi gaskiya. Masu sauya lissafin ƙwaƙwalwar mota ma, a injin mai tobo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, suke samun ƙari na a zo a gani. Irin na Alhaji ba shi da tobo, abin da zai samu kaɗan ne.

Mai Corolla, Ƙofar Kaura: Allah ya saka da alheri. An jona na'ura, ta nuna P0171, wato iska ta fi mai yawa. Muka bi layi muka tarar robar da ke kai iska injin ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. An canza ta tare da filogi, tamostat da indomi kuwa suna nan. Motar ta daina nishi. In na cika tanki na je Kano na dawo, zan kawo muku lissafin man, in sha Allah.