Neman shawara kan tsohuwar mota mai ɗakin kwana bayan ritaya

Baban Zainab, Birmingham:
Assalamu alaikum. Na yi ritaya bana ina da shekara 68, kuma ni da maiɗakina muna da niyyar sayen mota mai ɗakin kwana da madafa, ta hannu, domin mu riƙa zagaya Ingila a lokacin zafi ba tare da kuɗin otal ba. An nuna mini wata ƙirar Fiat Ducato ta 2008 mai injin dizal. Me ya kamata in duba kafin in biya?

Bakanike:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba injin ne ya fi ba ni tsoro ba, danshi ne. Ruwan sama yakan shiga ta gefen tagogi da mahaɗar rufi idan abin liƙinsu ya tsufa, ya riƙa ruɓar da katakon bango a ɓoye, kuma kafin tabo ya bayyana ɓarnar ta riga ta yi nisa. Kada ka biya sai ƙwararre ya auna danshin da na'ura, ya gwada bututun gas, domin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT bai shafi ɗakin ba. Ka kuma karanta lambobi huɗun da ke jikin kowace taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Irin wannan mota ta fi daɗewa a ajiye, shi ya sa taya kan tsage alhali zanenta bai cinye ba.

Hajiya Maman Sadik:
Yaya, ka tambayi iyakar nauyin da aka yarda ta kai tare da kayanta. Idan ya wuce kilo 3,500 sai da lasisin C1, wato na tuƙa motoci masu matsakaicin nauyi. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya kafin 1997 yana da shi, amma idan ya cika 70 sai da takardar likita zai ci gaba da riƙe shi, kuma ana sabuntawa duk bayan shekara uku. Kai kuwa saura shekara biyu.

Ɗan Landan:
Baba, motar dizal ta 2008 ba ta kai matakin Euro 6 na tsabtar hayaƙin mota ba, saboda haka za ka biya kuɗin gurɓata iska duk ranar da ka shiga tsakiyar Birmingham da ita, dokar da ta fara aiki a 2021. A Landan kuwa, tun daga Agustan 2023 irin wannan doka ta game dukkan ƙananan hukumomin birnin.

Baban Zainab, Birmingham:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Takardunta sun nuna kilo 3,500 daidai, kuma mai motar ya amince a auna danshin ranar Asabar.