Hayaƙin tsohuwar motar dizal da sanyin safiya

An tattauna matsalar tsohuwar motar dizal da ke fitar da hayaƙi idan an tayar da ita da sanyin safiya, kuma waɗanda suka yi magana sun haɗu a kan abu ɗaya: a fara duba launin hayaƙin kafin a taɓa sifana.

Farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal, wanda ke ɗaukewa da zarar inji ya ɗumama, mai ne da bai ƙone ba. Mafi yawa sun ɗora laifin kan filogin hita, wato filogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da mota. Injin dizal da zafin matsewar iska yake kamawa, kuma da sanyi zafin ba ya isa sai da taimakon hita, shi ya sa ko filogi ɗaya ya mutu sai ka ji mota tana kakkarwa. A auna kowanne da mitar gwajin lantarki, mai lafiya yakan nuna wajen ohm 1 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). In hita lafiya take, sai a koma kan nozul (bakin da ke fesa mai cikin silinda) mai ɗiga, ko iskar da ke shiga bututun mai cikin dare.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne, daga sil na bawul, ringi ko turbo. Amma farin da ya ƙi tsayawa, ga ruwan lagireto yana raguwa, wannan galibi gasket ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, kada a ci gaba da tuƙi.

Wasu sun matsa a sauke inji nan take. A ganina gaggawa ce. A fara gwada ƙarfin matsewar silinda tukuna.