Wane gwajin halayya ya dace da ma'aikatan ikilisiya?

Sakataren majalisar dattawa:
'Yan'uwa, ina gaishe ku. Majalisarmu ta ɗora mini aikin nemo gwajin halayya da za mu yi wa shugabannin kwamitoci da masu aikin sa kai, domin mun lura cewa yawancin saɓanin da ke tasowa ba a kan koyarwa yake ba, a kan salon aiki ne: wani yana son a yanke magana nan take, wani kuma sai ya kwana da ita. Wasu dattawa sun ƙara da cewa a yi amfani da sakamakon wajen zaɓen wanda za a ba muƙami. Wanne kuka gwada, kuma me kuka gani?

Jami'ar kula da ma'aikata:
Ɗan'uwa, idan damuwarku ita ce zaman tare da yadda ake magana da juna, ina ba da shawarar DISC. Tushensa ra'ayin William Marston ne na shekarar 1928, kuma yana kasa mutane gida huɗu: mai son jan ragama, mai jan hankalin jama'a, mai haƙuri da natsuwa, da mai bin ƙa'ida daki-daki. Amfaninsa sauƙi ne, domin a zama ɗaya kowa zai gane shi ya kuma riƙa tunawa. Sai dai Marston da kansa bai tsara tambayoyin gwaji ba, wasu ne suka tsara daga baya, shi ya sa za ka tarar da nau'o'i barkatai a intanet waɗanda ingancinsu bai zo ɗaya ba. A ƙungiyar da nake aiki mun haɗa shi da CliftonStrengths na kamfanin Gallup, wanda ke jera baiwa 34 ya nuna wa mutum biyar da suka fi ƙarfi a gare shi. Mutane sun fi karɓarsa da hannu bibbiyu, saboda ba ya ambaton aibin kowa, amma ana biyan kuɗi a kan kowane mutum.

Shugaban matasa:
Ranka ya daɗe, mu MBTI muka yi, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina a kan ra'ayin Carl Jung, mai raba mutane gida 16, kowane gida da sunansa mai haruffa huɗu. Matasa sun ji daɗinsa ƙwarai, kuma ya sa masu yawan surutu sun daina ɗaukar shirun wasu a matsayin girman kai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da na sake yi bayan 'yan watanni sai harafi ɗaya ya canza, na koma wani gida dabam.

Malamar ilimin halayyar ɗan Adam:
Abin da ƙanenmu ya gani ba baƙon abu ba ne, kuma dalilinsa yana cikin yadda aka gina gwajin. Yawancin mutane suna tsakiya ne a kowace ɗabi'a, ba a gefe ba. Idan aka ja layi a tsakiyar aka ce ko kana nan ko kana can, amsa ɗaya ko biyu sun isa su tsallakar da mutum. Saboda haka masu bincike suka fi amincewa da ma'aunin manyan ɗabi'u biyar, wanda ba ya sa mutum a gida sai dai ya nuna matakinsa a kan kowace ɗabi'a: son sabon abu, kula da aiki, son cuɗanya, sauƙin hali, da saurin shiga damuwa. Akwai dogon nau'insa na Costa da McCrae mai tambayoyi 240, akwai kuma tambayoyin IPIP da Lewis Goldberg ya buɗe wa kowa kyauta. Ga ikilisiya ma na fi son HEXACO na Kibeom Lee da Michael Ashton, domin ya ƙara ɗabi'a ta shida, wato gaskiya da tawali'u.

Amma kan maganar dattawanku, ina roƙo a yi hattara. Masu buga MBTI da kansu sun ce ba a yi shi domin ɗaukar aiki ko zaɓen ma'aikaci ba. Dukan waɗannan gwaje-gwaje mutum ne ke ba da labarin kansa, kuma wanda ya san muƙami ya rataya a kan amsarsa zai ba da amsar da yake ganin ana so. Ko HEXACO ɗin da na yaba, mai ha'inci ba zai sha wahalar cewa shi mai gaskiya ne ba.

Fasto mai ritaya:
'Yata, kin faɗi abin da ke raina. Bari in ƙara da biyu da aka fi ji a majami'u. Na farko shi ne gwajin baye-bayen Ruhu, wanda ake tsamo jerinsa daga Romawa 12, 1 Korantiyawa 12 da Afisawa 4. Tsarin SHAPE na Rick Warren, tsohon faston cocin Saddleback a Kalifoniya, ya faɗaɗa shi ya haɗa da abin da zuciya ke so, iyawa, halayya da abin da mutum ya fuskanta a rayuwa. Na same shi da amfani wajen tattaunawa da sabon mai son hidima, amma sau da yawa na ga wanda takarda ta ce yana da baiwar koyarwa, ajinsa kuwa na gyangyaɗi. Waɗanda suka yi aiki da mutum su ne ke tabbatar da baiwarsa.

Na biyu shi ne Enneagram mai gidaje tara, wanda Oscar Ichazo da Claudio Naranjo suka yaɗa a wajajen shekarun 1970, daga baya Richard Rohr, wani limamin Katolika, ya shigar da shi cikin Kiristoci da yawa. Yana taɓa abin da ke motsa zuciya fiye da sauran, amma asalinsa na jawo gardama, har wata takarda ta fadar Vatikan a 2003 ta ja kunne a kansa. Idan za ku kawo shi, ku fara tuntuɓar shugabannin ɗarikarku.

Jami'ar kula da ma'aikata:
Baba, na gode da wannan. Wani abu da ake mantawa shi ne wa zai riƙe sakamakon. Ya kamata a gaya wa kowa tun farko cewa yin gwajin ba dole ba ne, kuma takardarsa tasa ce, shi zai zaɓi abin da zai faɗa a taro. Sannan a hana laƙabi, domin na taɓa jin an ce wa wata ba za ta iya shugabanci ba saboda harafinta.

Sakataren majalisar dattawa:
Na gode muku duka. Zan kai wa majalisa shawarar mu fara da DISC a taron shugabannin kwamitoci, mu yi SHAPE da sababbin masu hidima, zaɓen muƙami kuma ya tsaya kan hira da shaidar waɗanda suka yi aiki da mutum. Malama, in ba damuwa, ki turo mini gajeren nau'in IPIP in fara gwadawa a kaina kafin zaman.

Malamar ilimin halayyar ɗan Adam:
Zan turo maka mai tambayoyi 50, ba zai ɗauke ka fiye da minti goma ba. Ka amsa yadda kake a yau, ba yadda kake fatan zama ba, sannan ka ba wani da ya san ka sosai ya amsa a madadinka, ka gwama sakamakon biyu.