Wace hujja odita ke nema a sashe na 6 na PCI DSS?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan ƙungiya ƙarama ce, mutum shida, suna rubuta manhajar biyan kuɗi da kati kuma suna tura sabon kod sau biyu a mako, me odita (mai binciken bin ƙa'ida) zai nema a PCI DSS 4.0.1, wato ƙa'idojin tsaron bayanan katin biyan kuɗi? A ina aka fi faɗuwa?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. Odita ba zai zauna yana karanta kod ɗinku layi-layi ba. Zai tsinci wasu canje-canje da kuka riga kuka tura, ya ce ku kawo tarihin kowanne. Ƙa'ida ta 6.5.1 tana son a ga dalilin canjin, tasirinsa ga tsaro, wanda ya amince, sakamakon gwaji, da yadda za a koma baya idan abu ya lalace.

Saboda haka ku kulle babban reshen kod ɗinku a inda kuke ajiye shi, GitHub ko GitLab, kada kowa ya iya tura kod kai tsaye, har shi shugaban ƙungiyar. Duk canji ya ɗauki lambar tikitinsa, wato rubutacciyar buƙatar canjin, kuma mai dubawa ya zama wani daban da marubucin, kamar yadda 6.2.3.1 ta ce. Inda ake tuntuɓe shi ne gyaran gaggawa na tsakar dare: an tura, an kwanta, ba tikiti. Kuma rubuta amincewa daga baya ba ya ɓoyuwa, kwanan wata ne zai tona asiri.

Hajiya_Tsaro:
Gaskiya ne Injiniya. Ƙari a kai, malam mai tambaya, ka leƙa sabar gwaji. 6.5.5 ta hana amfani da lambobin kati na gaske a can, sai in an tsare ta kamar ta ainihi. Sannan ka binciki rajistar kurakurai, domin sau da yawa manhaja kan zubar da dukan saƙon da ya shigo a ciki, har da CVV, lambar tsaro da ke jikin kati, wanda ba a yarda a ajiye ba bayan an tabbatar da ciniki.

Dan_Sabar:
Kada a manta 6.3.2 da 6.4.3, sun zama dole tun 31 ga Maris 2025. Ta farko jerin manhajojin da kuka rubuta ne da duk kod ɗin waje da ke cikinsu, ta biyu jerin kowane JavaScript da ke shafin biya, da dalilin sa shi. Idan ɓaraka mai tsanani ta bayyana, wata ɗaya gare ku daga ranar da aka fitar da gyaran, ba daga ranar da kuka ji labari ba.